Kuɗin takardar fili: a rubuta shi a bango, kowa ya gani

Ƴan uwa matasa, ga tambaya. In yau ka sayi fili ko gida a Gidan Rumji, nawa za ka kashe kafin takarda ta koma sunanka? Tambayi mutum biyar a fadarku ta shayi, za ka ji amsa biyar. Wani zai ce ai sa hannun mai gari ya isa. Wani zai ce sai ka je meri. Wani kuma zai ce in ba ka je Maradi wajen noter ba, ba ka yi komi ba. Farashin tiyar hatsi kowa ya san shi ranar kasuwa, amma kuɗin takardar da za ta tsare maka gidanka sai dai a raɗa maka a kunne. Wannan duhun ne ya dame ni.

Mu fara rarrabe kuɗaɗen, don a cakuɗe ake kawo mana su. Akwai la'adar dillali. Wannan ciniki ne tsakaninku, kuma kafin a yi sallama ake yanke ta. A ce filin na miliyan 1 ne na sefa, kun shirya kan kashi 5 cikin 100, to jika 50 ke nan, kuma a faɗi wa zai biya, mai saye ko mai saidawa. Akwai harajin gwamnati, wato tambur da kuɗin rajistar ciniki da ake biya a ma'aikatar lampo, wanda ke tashi daidai da kuɗin da aka sayi wurin. Akwai ladan masu aiki: mai awon ƙasa da ke kafa borni, da noter da ke rubuta yarjejeniyar yana buga hatiminsa. Ladan noter ma ba shi ke yanka wa kansa ba, akwai jadawalin da gwamnati ta tsara. Sai na huɗu, wanda ba ya cikin kowace doka: na goro, na mai, na "a ga babba". Hanyar gane shi ɗaya ce, ba a ba da resi a kansa.

Abin da da yawanmu ba su sani ba shi ne dokar ƙasarmu ba ta raina talaka ba. Dokar karkara, wato Code Rural, mai lamba 93-015 ta ranar 2 ga Maris 1993, ta ba haƙƙin ƙasa da aka samu ta hanyar gargajiya kariya daidai da wanda aka samu ta rubutacciyar doka. Ita ta kawo kwamitocin ƙasa da muke kira Kofo. A ƙauye akwai Cofob, mai gari ne shugabanta, da wakilan manoma da makiyaya da mata da matasa. A ƙaramar hukuma akwai Cofocom, a gunduma akwai Cofodep ƙarƙashin perefe. Cofob na iya ba da takardar shaidar saye, ta kyauta, ta aro, ta haya, ta jingina, da ta gadon gargajiya, bayan an sanar da jama'a an ji ko akwai mai ja. Filin da meri ta yanka cikin gari kuwa, takardarsa ita ce wadda ake kira "acte de cession". Sama da su duka akwai titir fonsiye. A 2006 ma gwamnati ta fito da wani mai sauƙi, ta sa masa sunan Hausa, Sheda. A 2021 kuma aka amince da sabuwar manufar ƙasa kan filayen karkara.

To ina gizo ke saƙa? Matakan suna nan, amma ba wanda ya zaunar da mu ya ce wannan takarda ta gona ce, waccan ta filin gari ce, ga ƙarfin kowace a gaban alƙali, ga kuɗinta. Takardun da Faransanci suke. Yawancin notoci suna Yamai da manyan birane. Mutumin Cadakori ko Gidan Sori ko Saye Sabuwa da ya ji an ambaci noter, lissafin kuɗin mota yake fara yi, da kwana a gari, da kuɗin da bai san iyakarsa ba. Sai ya haƙura, ya kira shedu biyu, a yi fatiha, a watse.

Shedun baka kuwa mutuwa suke yi. Shekara 15 bayan ciniki, dattawan da suka tsaya sun kwanta dama, gari ya matso, filin da aka saya da kuɗin akuya biyu ya zama na miliyoyi, sai ɗan mai saidawa ya dawo daga Libiya ko Legas ya ce babansa aro ya bayar. Ko a saida wuri ɗaya ga mutum biyu. Ko yayye su saida gidan gado ba tare da sanin ƙannensu mata ba. Daga nan sai zaman sulhu a fadar sarki, in ya gagara sai kotu. Kuɗin da aka guje wa da farko a biya ninkinsa, zumunci kuma ya lalace. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, magana take kan rubuta bashi da kafa shedu a ciniki.

Akwai kuma dabarar da wasu ke ɗauka wayo ce: a sayi gida miliyan 4, a rubuta miliyan 2 don haraji ya ragu. Ranar da aka rushe cinikin, abin da ke rubuce alƙali zai duba. Wa zai maido maka sauran?

Na san za a ce ƴan Kofo da dama aikin sa kai suke yi, ba albashi, ba man babur, wani lokaci ko takardun cikewa babu. Gaskiya ne, kuma aiki ya cancanci lada. Ni ban ce a yi kyauta ba. Na ce a yanke kuɗin, a sanar, a ba da resi. Hakan ma shi zai kare ma'aikaci mai gaskiya daga zargin da ake shafa wa kowa.

Ga abin da nake kira a yi. Na farko, a manna jadawalin kuɗin kowace takarda a ƙofar meri da ta perefe, a Gidan Rumji da Tibiri da sauran ƙananan hukumomin gundumarmu, haka ma a Agye da Gazawa. A rubuta da Hausa, boko da ajami. Tun Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa, to mu gani a ƙofar ofis. Na biyu, gidajen rediyon karkara su riƙa karanta jadawalin, don iyayenmu da ba su karatu. Na uku, notoci su ware rana su riƙa zuwa gundumomi, kuma su ba mutum lissafi a rubuce kafin su fara aiki: ga na gwamnati, ga nawa.

Mu ma akwai namu. Kada ka ba da ko dala kafin ka ga asalin takardar mai saidawa, ba hotonta a waya ba. Je meri ko Kofo ka tabbatar sunansa ne a rajista. In gado ne, magada duka su sa hannu, har matan. Ka kira maƙwabta su tsaya a kan iyaka. Duk wanda ya ce ka biya, ka tambaye shi cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, kuɗin mi ne, kuma ina resi?" Ka ɗauki hoton kowace takarda ka ajiye wuri biyu.

Da yawa cikinmu mu ne na farko da suka yi boko a gidajenmu. In baba ko inna za su saida ko su sayi wuri, kada mu bar su su tafi su kaɗai su dangwala yatsa kan abin da ba su karanta ba. Wannan mako, duk wanda ya samu hali ya leƙa merin garinsu ya tambayi kuɗin takardar fili, ya rubuto mana abin da aka faɗa masa da ranar. Za mu jera amsoshin gari da gari, mu kai wa hukuma a hannu.