ZAUREN ZANGO: Ka Sayi Mako A Masauki, Uwargida Ta Sani?

Wannan wata za mu taɓo wani ciniki da ya fara shiga tsakanin 'yan kasuwarmu na Kumasi da Ankara masu zuwa Dubai, da 'yan'uwanmu mazauna Turai. Turawa na ce masa taimshiya, mu kuwa bari mu kira shi sayen mako. Mutum zai biya kuɗi mai kauri, a ba shi ikon sauka a wani ɗaki mako ɗaya ko biyu kowace shekara. Ba Turawa kaɗai ke yi ba: tun 2003 aka sayar da irin wannan haƙƙi na shekara 24 a Hasumiyar Zamzam da ke daf da Harami a Makka.

To, abin da ya dame mu shi ne yawancin masu saye da sunansu kaɗai suke sa hannu, iyali ba su da labari. Sai ka ji Alhaji na cewa, “Ai kuɗina ne.” A shari'ar Musulunci ya yi gaskiya, domin dukiyar miji daban, ta mata daban. Amma in rigima ta kai kotun Gana, ba da Risala ko Askari alƙali zai yi hukunci ba.

Sashe na 22 na Tsarin Mulkin 1992 ya ce dukiyar da ma'aurata suka samu tare a zaman aure, a raba ta bisa adalci in aure ya mutu. A 2012, a shari'ar Mensah da Mensah, Kotun Ƙoli ta ce girki da wanki da renon yara da mace ke yi gudummawa ne, ko ba ta sa sidi ɗaya ba. Kotun dai ta yarda, a shari'ar Fynn da Fynn, cewa mai aure na iya mallakar abu shi kaɗai. Sai dai wanda ya ce nasa ne shi kaɗai, ya tanadi hujja. Hajiya mai sayar da atamfa a kasuwar Makola, wannan magana ta shafe ki ke ma, in da ribarki kika saya.

Sannan ga Dokar Filaye ta 2020. Sashe na 47 ya hana miji ko mata sayarwa ko jinginar da fili ko gida da aka saya cikin aure, sai da yardar ɗayan a rubuce. Dokar ta ƙasar Gana ce, ɗakin Dubai ko Sifen yana ƙarƙashin dokar can. Amma mun san yadda ake haɗa kuɗin irin wannan saye: a sayar da filin Kasowa, ko a kai takardar gida banki. Nan ne sa hannun uwargida ke zama dole.

Mu a ganinmu ma, ba rabon ne babbar matsala ba, bashin ne. Sayen mako yana tafe da kuɗin gyara da ake biya duk shekara, ka je ko ba ka je ba, kuma hawa yake yi. Sayar da shi wuya gare shi, sau da yawa sai da mummunar faɗuwa. In maigida ya rasu, kamfani zai bi dukiyarsa bashi, kuma kowa ya san sai an biya bashi ake raba gado. Ga mace cikin takaba, ga wasiƙa da Turanci a kan abin da ba ta taɓa jin labarinsa ba. In kuma babu wasiyya, Doka ta 111 ta 1985 ce kotu za ta bi, ba tumunin takaba ba.

Saboda haka wanda ya ƙudura saye, ya kai takardar wa lauya tukuna, a duba shekara nawa ce, kuma mallaka ce ko haya. Ya rubuta inda kuɗin ya fito. In yana so ya zama nasa shi kaɗai, su yi yarjejeniya da matarsa a rubuce gaban shaidu, mai mata biyu kuwa kowacce ta sa hannu. 'Yan'uwa na Jamus da Italiya da Sifen, dokar Tarayyar Turai ta 2008 ta ba mai saye kwana 14 ya janye ba tare da ba da dalili ba, kuma ta hana kamfani karɓar ko sisi a cikin waɗannan kwanaki. Duk dillalin da ya ce a ba da kafin alƙalami a take, ya karya wannan doka.