Tauraron ɗan Adam: darasin Senegal ga ƙasashen Sahel

Ranar 16 ga Agustan 2024, rokar Falcon 9 ta kamfanin SpaceX ta tashi daga sansanin Vandenberg a Amurka ɗauke da GaindéSAT-1A, tauraron ɗan Adam na farko na Senegal. Wata guda bayan haka, Mali da Burkina Faso da Nijar suka sa hannu a Bamako kan yarjejeniya da kamfanin Glavkosmos na Rasha don samun taurarin sadarwa da na sa ido daga sama. Buƙatar ƙasashen uku a fili take, musamman wajen tsaron iyakoki. Amma hanyar da Senegal ta bi tana da darasi.

GaindéSAT-1A ɗan ƙarami ne, irin wanda ake kira CubeSat: akwati mai santimita 10 ta kowane gefe, nauyinsa kusan kilo ɗaya. Malaman jami'a biyu a Kalifoniya ne suka fito da wannan tsari a 1999, domin ɗalibi ya ga aikinsa a sararin samaniya kafin ya kammala karatu. Injiniyoyin Senegal ne suka ƙera nasu, bayan horo a cibiyar sararin samaniya ta Jami'ar Montpellier a Faransa, inda 'yan Jibuti ma suka haɗa Djibouti-1A da aka harba a 2023.

Abin da ɗalibi ke koya a nan ya wuce haɗa wayoyi. Sai ya fara tsayar da aikin da tauraron zai yi. Na Senegal an ɗora masa tattara bayanai daga na'urorin auna ruwa da yanayi da ke wurare masu nisa. Daga nan sai lissafin wuta, domin tauraron na kewaya duniya cikin minti 90 da 'yan kai, wani ɓangare a cikin duhu, inda batir kaɗai ke riƙe da shi. Kuma mintuna kaɗan yake yi a saman tashar ƙasa, don haka dole a san abin da za a sauke tun kafin ya iso. Idan aka yi kuskure, babu mai hawa ya gyara.

Irin waɗannan taurari ba sa daɗewa. GhanaSat-1, wanda ɗaliban Jami'ar All Nations ta Koforidua suka ƙera a Japan, an sake shi a 2017, ya ƙone a 2019. Injiniyoyin ne ribar da ta rage wa Ghana. Sai dai idan injiniya ya dawo gida bai tarar da ɗakin gwaji ko albashin da zai riƙe shi ba, wata ƙasa ce za ta ci moriyarsa.

Sahel ba daga tushe za ta fara ba. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai ta daɗe tana amfani da hotunan tauraron ɗan Adam wajen bibiyar damina da makiyaya. A Kudugu kuma, Farfesa Frédéric Ouattara ya jagoranci aikin Burkina-Sat1 a Jami'ar Norbert Zongo.

Da koyo akan iya. Duk yarjejeniyar sayen tauraro ya kamata ta ƙunshi horar da ɗalibai da kafa tashar ƙasa a jami'o'i irin su Abdou Moumouni. In ba haka ba, ranar da wa'adin tauraron ya cika, sai an sake komawa wurin mai sayarwa da kuɗi a hannu.