Sai Da Ɗan Gari Akan Ci Gari

Jama'a, an daɗe ana gardama a kan ko sojojin wata ƙasa za su iya murƙushe 'yan tawayen gurguzu masu yaƙin sunƙuru a ƙauyuka. To, ba sai mun je nesa ba, amsar tana nan maƙwabta.

A ƙarshen 1964, mayaƙan jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari, wadda aka haramta tun 1959, suka kutsa Jamhuriyar Nijar ta kan iyakokinta na kudu. Wasunsu sun sami horo a Sin, wasu a Aljeriya da Ghana. Sun ɗauka talakawa za su tashi su bi su. A lokacin Faransa tana da sojoji a ƙasar, tana kuma dafa wa gwamnatin Diori Hamani. Amma abin da ya karya Sawaba shi ne yadda sarakuna da 'yan jam'iyyar gwamnati suka tara mutanen ƙauye, aka bazu daji ana farautar mayaƙan. Ko gurnetin da aka jefa wa Diori a filin idi na Yamai a watan Afrilu 1965 bai same shi ba.

Haka nan a Malaya. Ingila ta yi shekara 12 tana yaƙi, daga 1948 zuwa 1960, kafin ta yi nasara. Ta kwashe kimanin mutum 500,000 zuwa sababbin ƙauyuka masu shinge, abinci ya yanke wa na cikin daji, sannan ta ba ƙasar mulkin kai a 1957, hujjar 'yan tawayen ta faɗi.

Amurka kuwa ta jibge soja fiye da 500,000 a Biyetnam a 1968, ga jirage ga bama-bamai. Ta yi hasarar mutum sama da 58,000, Saigon kuma ta faɗi a 1975, domin manomin da ake ƙona wa gona da rana shi ke ciyar da ɗan tawaye da dare.

Duk wanda ya san duwatsun Kagoro da dazuzzukan Gwantu ya san baƙo makaho ne, sai an nuna masa hanya. Saboda haka sojan waje yana iya taimakawa, amma manomi ke yanke hukunci. In ya hana tuwo da mafaka, tawaye ya mutu. In ya bayar, ko igwa nawa aka kawo aikin banza ne.

Sai dai mahukunta su lura. Diori ya ga bayan Sawaba, amma da fari da yunwa suka addabi talakawa, sojojinsa ne suka kifar da shi a Afrilu 1974, sojojin Faransa suna Yamai ba su motsa ba. Gwamnatin da ke neman kwanciyar hankali ta fara da rijiya da asibiti da adalci a kotu, tun kafin ta aika neman bindigar aro.