ZUWA ZANZIBAR DA ƊAN YAYE: BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Wata sabuwar al'ada ta shigo cikin 'yan Arewa mazauna Kurmi, musamman matasan 'yan kasuwa da ma'aikatan ofis na Ikko da Badun da Fatakwal waɗanda Allah ya buɗa wa. Da an sami hutun ƙarshen shekara, ko an sauko daga Sallah, sai maigida ya ɗauki uwargida da ɗan yaronsu mai shekara ɗaya da rabi ko biyu, su hau jirgin sama su tafi shan iska wani tsibiri na ƙasar waje. Tsibirin da sunansa ya fi yawo a bakin jama'a kuwa shi ne Zanzibar, wanda ke gabashin Afirka.

Maganar ta raba kan mutane a Agege da Idi-Araba da Sabon Badun. Dattawan zango suna cewa almubazzaranci ne, ga kuma wahalar da yaron da bai san hannun damansa ba. Matasa suna cewa tafiya mabuɗin ilmi ce, kuma wanda ya sha wuyar nema yana da hakkin ya huta da iyalinsa. Ra'ayin wannan shafi shi ne, tafiyar ba laifi ba ce ga mai hali, amma fa da sharaɗi: a tsara ta bisa ƙarfin yaron, kada ta cinye tafiyar gida, kuma a fara shiri tun da sauran watanni.

Ba a rasa dalilin da ya sa Zanzibar ta kwanta wa mutanenmu a rai ba. Manyan tsibiranta biyu ne, Unguja da Pemba, a cikin Tekun Indiya. Ƙidayar 2022 ta nuna mutanenta sun kusa miliyan 1.9, kusan dukkansu Musulmi. Ana jin kiran salla a lungu-lungu, ba a shan wahalar samun abinci na halal, mata kuma suna fita da lulluɓi, don haka matar aure ba za ta ji ta zama bare ba. Wajen 1840 Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya mai da fadarsa can, aka cika ƙasar da gonakin kanumfari. A 1964 aka yi juyin juya hali aka kawar da sarautar, a watan Afrilu na wannan shekara kuma tsibiran suka haɗe da Tanganyika aka sami Tanzaniya. Tsohon birninta na dutse, mai ƙofofin katako masu sassaƙa, ya shiga jerin kayan tarihi na duniya a shekarar 2000. Ko a harshensu na Swahili Bahaushe zai tsinci abin da ya sani, domin kalmomi irin su duniya da sa'a da sabuni duk suna nan da ɗan bambancin lafazi, tushensu ɗaya daga Larabci.

To, amma duk wannan na manya ne. Yaro ɗan shekara biyu bai san Sayyid Sa'id ba, bai kuma damu da sassaƙar ƙofa ba. Masana sun daɗe da tabbatar da cewa mutum ba ya riƙe abin da ya faru da shi kafin ya kai wajen shekara uku. Saboda haka duk uban da ya ce don yaro ya kashe wannan kuɗi, yana yaudarar kansa ne. Tafiyar ta iyaye ce, yaro ɗan rakiya ne, kuma babu abin kunya a faɗin haka. Amfanin faɗin gaskiyar shi ne, idan iyaye suka yarda don jin daɗinsu suka ɗauko yaro daga inda ya saba, dole su yarda cewa nauyin duk wata wahala da zai sha yana wuyansu.

Wasu za su ce mafita mai sauƙi ce, a bar yaron wurin kakarsa kamar yadda ake yi lokacin yaye. A Kano ko Sakkwato wannan shawara tana da kyau, domin kaka tana unguwa ta gaba, jika kuma ya saba da bayanta. Ga mazaunin Ikko kuwa, kaka tana nesa da tafiyar kusan kilomita 1,000, kuma sau da yawa yaron bai santa ba sai ta murya a waya. Jefa shi hannun wadda bai sani ba har kwana goma, ko barinsa wurin 'yar aiki, ya fi tafiya da shi muni. Wannan kuma shi ya kawo babbar maganar da ya kamata kowane ɗan ci-rani ya tsaya ya yi wa kansa hisabi a kanta. Mutumin da ɗansa ya shekara biyu a duniya bai taɓa kwana a ɗakin kakarsa ba, bai kamata fasfon yaron ya riga zumunci samun hatimi ba. Zumunta a ƙafa take. Wanda kuɗinsa na tafiya ɗaya ne a shekara, to, ya nufi gida. Tsibiri yana nan baɗi, tsohuwa kuwa ba wanda ya san kwananta.

Wanda ya sauke wannan nauyi, yana kuma da rarar da ba ta taɓa jari ko kuɗin haya ba, sai ya zauna ya yi lissafin takardu. Yaro komai ƙanƙantarsa yana bukatar fasfo nasa na kansa, kuma samunsa yana bukatar takardar haihuwa, da lambar shaidar zama ɗan ƙasa, da amincewar iyaye a rubuce. Daga nan sai biza. Nijeriya tana cikin ƙasashen da Tanzaniya ba ta bai wa mutanensu biza a filin jirgi; sai an nema tun daga gida an jira amsa daga hukumar shige da fice ta can, jiran kuma yakan ɗauki makonni. Wanda ya sayi tikiti kafin amsa ta fito ya sa kuɗinsa a caca. Bayan haka akwai katin rigakafin zazzaɓin shawara, wanda ake tambayar duk mai fitowa daga Nijeriya. Ana yi wa yara wannan allura tun suna da wata 9, katin kuma ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Daɗin daɗawa, tun 1 ga Oktoba 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshora daga kamfaninta, dala 44 ga babban mutum. Ya kamata kuma a bincika halin da ƙasar ke ciki kafin a biya ko kwabo, domin a ƙarshen Oktoba 2025 an yi tarzomar zaɓe a Dar es Salaam har aka kafa dokar hana fita aka katse intanet.

Ita kanta hanyar ba wasa ba ce. Galibin matafiya daga Ikko suna bi ta Addis Ababa ko Nairobi, awa biyar ko fiye a sama, sannan zaman jira, sannan wani jirgin. Yaron da bai cika shekara biyu ba yakan zauna a cinyar babba, a biya masa wajen kashi 10 cikin 100 na kuɗin kujera. Da ya cika biyu sai an saya masa kujerarsa. Kada arha ta ruɗi maigida, domin cinyar da ake magana ta mutum ce mai gajiya. Lokacin tashin jirgi da saukarsa kunnen yaro yakan toshe ya yi masa zafi, maganinsa kuwa a ba shi nono ko ruwa ya riƙa haɗiya. Yaron da ke fama da mura mai tsanani ko ciwon kunne, a kai shi wurin likita kafin a hau. Mai ciwon sikila kuwa, kada a ɗaga da shi ko nan da can sai da shawarar likitansa, saboda ƙishirwa da gajiya da sanyin ruwa duk suna ta da ciwon. Agogon Zanzibar yana gaban na Nijeriya da awa biyu, wato barcin yaro da cin abincinsa za su ɗan rikice kwana biyu na farko.

Babban abin tsoro a tsibiri shi ne ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen 300,000 suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Yaro mai tatata ba ya ihu idan ruwa ya ci shi, shiru yake tafiya, kuma ruwan da bai kai gwiwar babba ba ya isa. Mafi yawan iyayen da suka taso a Arewa ba su iya iyo ba, zaman Ikko kusa da teku kuma bai koya musu ba. A gabashin Unguja, wajen Paje da Jambiani, teku takan janye ta bar fili mai nisan gaske, mutum ya bi yashi yana tsintar kwanson kifi, bayan 'yan awoyi ta dawo ta rufe wurin. A cikin duwatsun ƙasan ruwa kuma akwai wata halitta mai ƙaya kamar bushiya, wadda ke soke ƙafar da ba takalmi. A arewa wajen Nungwi da Kendwa ruwan ba ya janyewa sosai, wanda ke nufin zurfi yana kusa da bakin gaɓa. Wurin wanka na otel ma haɗarinsa bai gaza na teku ba. Doka ɗaya ce a nan: duk lokacin da yaro yake kusa da ruwa, babba ɗaya ya kasance inda hannunsa zai kai gare shi, ba waya a hannu, kuma miji da mata su faɗa wa juna da baki wane ne mai tsaro a wannan lokaci. Hasara takan faru ne inda kowa ya zaci ɗaya yana kallo.

Haka nan maganar jiragen ruwa. Masu kai baƙi tsibirin Changuu don kallon manyan kunkuru suna amfani da ƙananan kwale-kwale masu inji. Idan babu rigar hana nutsewa daidai jikin yaro, a haƙura da kunkurun. Tsakanin Dar es Salaam da Zanzibar akwai manyan jirage masu tafiyar wajen awa biyu, amma tarihi ya bar darasi: a Satumba 2011 wani jirgi da aka yi wa lodi fiye da ƙima ya nutse tsakanin Unguja da Pemba, a Yuli 2012 wani ya sake kifewa a hanyar Dar es Salaam, rayuka masu yawa suka salwanta. A kan titi kuma, a Tanzaniya mota tana bin hannun hagu, abin da Nijeriya ta bari tun 1972, don haka mai goyo ya lura da inda yake duba kafin ya tsallaka.

Sai maganar ciki da jiki. Abin da ya fi kwantar da yara a tafiya shi ne gudawa. Ruwan gora mai hatimi ko wanda aka tafasa kaɗai za a ba yaro, a guji ƙanƙara da abincin da ya huce a kan tire. Kasuwar dare ta Forodhani tana da daɗin kallo, amma cikin ɗan yaye ba wurin gwajin kaguwa ba ne. Uwa ta tafi da garin kununsa da ya saba, da ƙullin gishiri da sukari na asibiti da ƙwayar zinki, da maganin zazzaɓi na yara. Zazzaɓin cizon sauro ya ragu ƙwarai a Zanzibar idan aka kwatanta da nan, amma bai ƙare ba, saboda haka gidan sauro yana nan a matsayinsa. Daga ƙarfe 11 na safe zuwa la'asar a ajiye yaro a inuwa da hula, domin baƙar fata ma tana ƙuna, ƙishirwa kuma ba ta sallama. Babban asibitin tsibirin, Mnazi Mmoja, yana cikin birni, alhali daga Nungwi zuwa can tafiyar fiye da awa ɗaya ce a mota. Mai ƙaramin yaro ya sa wannan a lissafi kafin ya zaɓi masauki. Ya kuma san cewa damina mai ƙarfi tana sauka daga Maris zuwa Mayu, lokacin da otel ke arha amma yaro zai wuni a kulle.

Akwai magana ɗaya da ta shafi magidanta kai tsaye. Idan aka je aka dawo, uwargida ce ta yi goyo a filin jirgi, ita ta yi rarrashi a sama, ita ta wanke kayan yaro a otel, ita ta hana idonta barci, maigida kuwa yana bakin teku yana ɗaukar hoton da zai aika wa abokansa na kasuwa, to, ba ta je hutu ba, an dai canza mata wurin aiki ne, an kuma raba ta da maƙwabtan da ke karɓar mata yaro a gida. Namijin da ba zai iya riƙe ɗansa awa biyu matarsa ta runtsa ba, gara ya ba ta kuɗin ta yi jari. Ɗaukar ɗa bai taɓa rage wa uba girma ba.

Wanda yake shakkar ko iyalinsa za su iya, akwai gwaji mai arha a kusa. Ya kai su bakin teku a Badagiri ranar hutu, su wuni, ya ga yadda yaron zai yi da zafi da yashi da ƙarar ruwa, ya ga kuma yadda shi da matarsa za su raba tsaro. Idan wuni ɗaya ya gagara, mako ɗaya a ƙasar da ba a jin harshenta zai fi gagara, sai a jira yaron ya kai shekara huɗu ko biyar, lokacin da zai ci abin da aka ci, ya faɗi inda ke masa ciwo, ya kuma dawo da labarin da zai ba kakarsa da bakinsa.

Wanda kuwa ya kai ɗansa gida aka sa masa albarka, takardunsa suka cika, ya zaɓi masauki ɗaya kusa da likita ya zauna a ciki ba yawon garuruwa, ya kuma yarda cewa barcin yaro shi ne agogon tafiyar, to, ba mai ikon ce masa almubazzari. Allah ya kiyaye hanya, ya dawo da su da yaronsu lafiya.