Karatun jin daɗin jama'a a Jigawa: doka ta samu, ina guraben aiki?

Duk ɗan Zandam da ya ce zai karanci aikin jin daɗin jama'a a jami'a, tambayar da zai fara sha a gida ita ce: "Wane aiki za ka samu da shi?" Iyayen suna da hujja.

A takarda dai ƙofa a buɗe take. A 2021 Gwamna Badaru Abubakar ya sa hannu kan dokar kare yara ta Jigawa, a 2022 kuma Shugaba Buhari ya amince da dokar kafa majalisar da za ta tsara wannan sana'a. Irin waɗannan dokoki ba sa tafiya sai da ma'aikaci: wanda zai bibiyi marayan da aka cire daga makaranta, ya rubuta wa kotu rahoto, ya zauna da iyalin majinyacin da kuɗi ya gagara a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu.

Sai dai guraben da matasa suka fi hange na ƙungiyoyin agaji ne, waɗanda kwantiraginsu ke ƙarewa ranar da tallafi ya yanke. Muddin gwamnatin jiha da ƙaramar hukumar Gwaram ba su sanya guraben dindindin a kasafi ba, ɗan Zandam zai karɓi digiri ya nufi Dutse ko Kano, shari'ar maraya kuma ta ci gaba da tsayawa a zauren mai unguwa.