Daga wurin masu bincike: Ɗan zanzaro mai yaƙi da murzuna

 

Kamar kowane wata, ga mu ɗauke da labari daga wurin masu bincike. Wannan karo maganarmu a kan murzuna take, wato tsutsar nan mai cin zangarniyar hatsi. Duk wanda ya taɓa noma hatsi a ƙasar Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ya san ta. Mutum ya yi shibka, ya yi noman fari, ya yi maimai. Ruwa ya yi kyau, hatsi ya fid da kai. Sai ya shiga gona ya tarar an yi wa zangarniya hanya, ta zagaye ta kamar an naɗa igiya. Duk inda hanyar ta bi, babu tsaba. A mugunyar shekara, gona takan rasa fiye da rabin amfaninta.

Ɓarnar ba ta tsaya ga manomi kaɗai ba. In hatsi ya yi ƙaranci, tiya ta yi tsada. Makiyayin da ya saba sai da akuya ɗaya ya auni cimakar gida, sai ya sai da biyu. Saboda haka wannan magana ta shafi kowa.

Daga ina murzuna take fitowa?

Wasu na cewa ruwan sama ke kawo ta. Wasu na cewa iska ce. Masu bincike sun bi ta tun daga ƙwai har girma, ga abin da suka gani.

Uwar murzuna wani ɗan malam-buɗe-littafi ne mai tashi da dare. Yana fitowa daga cikin ƙasa kamar wata ɗaya bayan ruwan shibka. Macen tana neman zangarniyar da ta fito sabuwa, ta zuba ƙwai a kanta. Bayan kwana kaɗan ƙwai ya ƙyanƙyashe. Ƙananan tsutsotsi su fara cin furen. In sun ƙara girma, sai su shige ƙarƙashin furen, suna yanke gindin ƙwaya ɗaya bayan ɗaya. Hanyar nan da muke gani ita ce sawunsu.

Bayan kamar wata ɗaya, tsutsa ta ƙoshi. Sai ta sauka ta shiga ƙasa, ta kwanta. Nan take yin kaka, da ɗari, da bazara. Damana mai zuwa ta fito da fiffike, ta sake aiki. Ke nan murzunar bana ɗiyar ta bara ce, kuma a cikin gonakinmu ta yi rani.

Tun da daɗewa akwai ta a ƙasashen Sahel. Amma bayan babban farin 1972 zuwa 1974 ne ɓarnarta ta yi tsanani.

Don me feshi ba ya biyan bukata?

Na ɗaya, tsutsar tana ɓoye cikin zangarniya, magani ba ya samunta sosai. Na biyu, hatsi ya fi tsawon mutum, mai feshi yana zuba wa kansa guba a fuska. Na uku, maganin yana da tsada, gonakin hatsi kuma faɗi gare su. Na huɗu, feshi ba ya zaɓe. Yana kashe mugun ƙwaro, yana kashe ƙwaron kirki. Ga kuma haɗari ga yara da bisashe in aka bar gwangwanin magani a yashe.

Ashe akwai ƙwaron kirki?

Akwai. Kowa ya san zanzaro. Yana gina ɗakinsa da laka a jikin bango. Yana kamo tsutsa, ya harbe ta ta sandare, ya sa ta cikin ɗakin, ya yi ƙwai a wurin. Ɗiyansa su fito su ci tsutsar.

To, zanzaro yana da wani ɗan'uwa ƙarami ƙwarai, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Sunansa na boko Habrobracon. Mu a nan bari mu kira shi ɗan zanzaro. Shi ba ya gina ɗaki. Macen tana bin murzuna har cikin hanyarta, ta harbe ta. Nan take tsutsar ta daina motsi, ta daina ci. Sai macen ta zuba ƙwai a jikinta. Ɗiyan su fito su tsotse ta har ta bushe. Cikin kwana 10 ko kusa da haka, sun zama manya, sun tashi neman wata tsutsar.

Ɗan zanzaro ba baƙo ba ne. Ba daga Turai aka kawo shi ba, ɗan ƙasa ne, yana cikin dajinmu. Ba ya cin hatsi. Ba ya harbin mutum ko dabba. Har tsutsar da ke ɓata tsaba cikin ajiya yana kamawa.

Mai karatu zai ce: in yana nan, don me murzuna ke cinye mana hatsi? Amsa ita ce yana makara. Da rani abincinsa kaɗan ne, sai yawansa ya ragu. Kafin ya sake yawa da damana, murzuna ta riga ta yi ɓarna. Wannan makara ita ce masu bincike suka nemi maganinta.

Dabarar ɗan buhu

Tun shekarar 2006, masu bincike na Nijar, da Mali, da Burkina Faso suka haɗa kai a kan wannan aiki. A ƙasarmu akwai na INRAN, wato ma'aikatar binciken aikin gona ta ƙasa, mai reshe a Tarna kusa da Maraɗi. Akwai na ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai. Akwai kuma na jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi, inda Farfesa Ibrahim Bawa yake cikin waɗanda suka daɗe a kan aikin.

Dabarar mai sauƙi ce. Ana kiwon ɗan zanzaro a ɗaki tun kafin damana. Ana ciyar da shi da wata tsutsa mai rayuwa cikin tsaba, wadda kiwonta ba wuya. In lokaci ya yi, sai a samu ɗan buhun algarara. A zuba tsabar hatsi da garin hatsi a ciki. A sa tsutsar kiwo 25, da matan ɗan zanzaro 2 waɗanda suka sadu da namiji. A ɗaure bakin buhu.

Bayan kamar kwana 8, sababbin ƙwari su fara fita ta ƙananan ƙofofin buhun. Buhu ɗaya yana ba da kamar 60 zuwa 70. Gari ɗaya ana ba shi buhu 15. Ana raba su wuri 5: uku a tsakiya, uku gabas, uku yamma, uku kudu, uku arewa. Ana rataye su cikin rumbun kara ko a jikin icce kusa da gonaki.

Me bincike ya nuna?

A 2010 da 2011 an auna aikin a Nijar da Burkina Faso. An ga buhu 15 suna fid da ƙwari 900 zuwa 1000 cikin mako 3. Kar ku ga kamar sun yi kaɗan. Kowace mace tana haihuwa cikin gona, ɗiyanta ma su haihu, kafin a yi girbi sun cika daji.

An kuma auna nisan da suke kaiwa. Kusa da inda aka rataye buhu, murzuna ta fi mutuwa. Can nesa, aikin yana raguwa kuma yana jinkiri. Don haka masu binciken suka ba da shawara a bar kamar kilomita 3 tsakanin wurin saki da wani wurin.

Wani binciken da aka yi a Nijar, aka buga a 2014, ya ƙiyasta ƙarin tsaba ya kai kashi 34 cikin 100. Mu yi lissafi irin namu. Kamar a ce mai samun dami 30 ya samu 40. Shekara da shekara ba ɗaya ba ne, gona da gona ma haka. Amma dami 10 ba abin rainawa ba ne a gidan da rumbu ke ƙarewa kafin ruwa ya sauka.

Bincike bai tsaya ba. A 2018 an buga wani aiki da aka yi a Sadore a kan wani ƙwaron wanda ya fi wannan ƙanƙanta. Shi ƙwan murzuna yake lalatawa tun bai ƙyanƙyashe ba. Ana fatan su biyun su taimaki juna.

Aikin gari ne, ba na mutum ɗaya ba

Ga inda maganar ta fi nauyi. Ɗan zanzaro bai san iyakar gona ba. In Malam Wane ya sayi buhu shi kaɗai, ƙwarin za su shiga gonarsa, su shiga ta maƙwabci. In kowa ya ce bari wani ya saya in ci arziki, ba wanda zai saya, murzuna ta ci na kowa. In kuma gari ya rataye buhu, wani ya zo ya yi feshi, ya kashe ƙwarin da aka yi wahala a kansu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A wasu wurare na ƙasarmu, ƙungiyoyin manoma sun koyi kiwon ƙwaron da kansu, suna sayar wa garuruwa. Ma'aikatar kare tsirrai ma tana wannan aiki. In an raba kuɗin buhu 15 tsakanin magidantan gari, abin da zai hau kan kowa ba shi da yawa.

Abin da ya kamata mu yi

1. Tun da bazara, maigari da ƙungiyar manoma su zauna. A yanke shawara, a tara kuɗi, a sanar da malamin gona. Kiwon ƙwaro yana son lokaci, ba a samunsa rana ɗaya.

2. In hatsi ya fara fid da kai, a riƙa zagaya gonaki. Hatsin da ya riga fitowa shi za a fara dubawa.

3. A rataye buhu lokacin da hatsi ke bununi, tsutsa tana ƙarama. In an jira har hanya ta cika zangarniya, an makara.

4. A tsare buhu daga ruwan sama, da rana mai zafi, da tururuwa. A gaya wa yara kar su buɗe shi.

5. Kar a yi feshi kusa da inda aka saki ƙwarin.

6. Bayan mako 2 ko 3, a buɗe hanyar murzuna a duba. In an ga tsutsa ta yi baƙi ta bushe, ga wasu ƴan fararen kwasfa kusa da ita, ɗan zanzaro ya yi aiki. Kar a cire su, sababbin ƙwari ne a ciki.

Mu kuma san iyakarsa. Ba ya maganin fara, ko tsuntsaye, ko ƙuduji. Ba ya maido da tsabar da aka riga aka ci. In aka daina sakinsa, ƙarfinsa yana raguwa, saboda haka aiki ne da ake maimaitawa.

Ƴan'uwa, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a dandali, da ajin yaƙi da jahilci, da wurin taron mata. Garin da ya taɓa gwada ɗan buhu, ya rubuto mana abin da ya gani, mu buga don wasu su ƙaru.

Allah ya ba mu damana mai albarka. Sai wata mai zuwa.