Goma-goma na me? Ƙafa ko mita?

Akwai wata ɗabi'a tamu da ta daɗe tana damuna. Mutum zai turo tambaya: "Ɗakina goma-goma ne, kaji nawa zai ɗauka?" Nan take sai ka ga amsoshi sun fara zuba, wannan ya ce ɗari, wancan ya ce dubu. Ba wanda ya tsaya ya ce masa, malam, goma na me?

Mita ɗaya ta ɗan haura ƙafa uku, ƙafa 3.28 ce. Ɗaki mai ƙafa 10 tsawo, ƙafa 10 faɗi, filinsa murabba'in ƙafa 100 ne. In kuwa mita 10 ce kowane gefe, ya kai murabba'in ƙafa 1,076. Ya ninka na farko fiye da sau goma! To in mun ɗauka kowace burola tana son aƙalla murabba'in ƙafa ɗaya, mai cewa ɗari da mai cewa dubu duk ba su yi ƙarya ba, kowa da ɗakin da yake hangowa. Amma mai tambaya shi zai kwana ciki. Ya cusa kaji dubu a ɗakin ɗari, zafin watan Afrilu ya zo, sai a wayi gari ana kwasar mushe ana zagin mai ƙyanƙyasa.

Na san wani zai ce iyayenmu da taku da kamu da gaba suka yi gini, kuma bai rushe ba. Gaskiya ne. Sai dai mai awon da mai ginin suna tsaye wuri ɗaya, ido na ganin ido. Mu kuwa a waya muke ciniki. Takuna ba naka ba ne.

Ni kaina na taɓa ƙonewa. Na yi odar 'ya'yan tarwaɗa, aka ce mini "tsawon yatsa". Yatsan wa? Da suka iso, wasu santimita 3, wasu sun kusa 8. Na zuba su tare saboda rashin wuri, manyan suka riƙa haɗiye ƙananan, abinci mai milimita 2 da na tanada ma ya fi ƙarfin bakin rabinsu. Laifina ne, da ban ce a ɗora su kan rula a turo mini hoto ba.

Wajen tafkin kifi kuma a daina mantawa da zurfi, kuma zurfin ruwa, ba tsayin bango ba. Ƙafa 10 da ƙafa 10, ruwa ƙafa 3, kusan lita 8,500 ke nan.

Tef ɗin awo bai kai kuɗin kaza ɗaya ba. Ko na tela ka samu, gefe ɗaya inci ne, ɗayan santimita, ka duba wanda kake karantawa. Admin, don Allah duk tambayar da ta zo da lamba tsirara a mayar wa mai ita ya gyara kafin a amsa.